Matsefan Dundee

Karo na uku ke nan Geordie Souter ya miƙe a tsakiyar taro da ƴar takarda a hannu, ya katse wa Lachlan Petrie magana.

"Yallaɓai, injinan nan uku da ka yi odarsu daga Leeds, mutum nawa za su kora a cikinmu?"

Zauren ya kaure da ihu. Petrie ya damƙe bakin teburi har yatsunsa suka yi fari. Kujerar majalisar gari ya zo nema, ga shi wani matsefin rama mai tari daga masaƙarsa yana tsinka shi a gaban jama'a.

A Dundee kowa ya san hekil: allo ne mai haƙoran ƙarfe, a kansa ake fizgar ramar lilin har ta rabu sili-sili. Matsefan masaƙar Petrie kuwa sun mai da mutane rama. Duk wanda ya hau mumbari suka yi masa ruwan tambayoyi, sai ka ji a kasuwa ana cewa an yi wa wane hekil.

Abin da ya fi ƙona wa Petrie rai shi ne, zancen injinan bai taɓa fita daga gidansa ba. A teburin abinci kaɗai yake yinsa, daga shi sai matarsa, sai tsohuwarsa mai zuba shayi ba ta tanka wa kowa, sai mai hidima.

Bayan taron farko ya kori magatakardan ofishinsa. Bayan na biyu ya kori mai hidimar, tana kuka tana rantsuwa. Tambayoyin ba su tsaya ba, sai ma ƙara kaifi da suka yi.

"Ba ka amsa ba, yallaɓai," in ji Souter. Ya ƙara kusantar da takardar ga idonsa. "An ce kuma in tambaye ka, a wace rumfar tsefe rama ubanka ya shaƙi ƙurar da ta kashe shi? Ko ka manta ɗan matsefi ne kai?"

Shekara ashirin Petrie yana binne wannan zancen. Ya diro daga mumbari, ya ture kujeru, ya ci kwalar Souter.

"Wane munafuki ne yake aiko ka? Faɗi sunansa, ɗan iska!"

"Sake ni. Ni karantawa kawai nake yi, da ƙyar ma."

Petrie ya fizge takardar, ya ɗaga ta sama don duk gari ya ga rubutun maci amanar, ya buɗe baki zai kira suna. Sai idonsa ya faɗa kan rubutun, hannunsa ya sauko a hankali.

Rubutun mahaifiyarsa ne.