Tsuntsuwa ta Bakwai

Dakta Ximena Arancibia ta yi imani cewa zuciya ba ta ƙarya. Shi ya sa ta zaɓi nazarin ta tsuntsaye, tunda su ba sa iya musu.

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana kan wani tsibiri a arewacin Chile tana sauraron ƙirjin tsuntsayen teku da ake kira fengwin. Dabarar ba wuya: ƙwan roba ne mai na'ura a ciki, a tura shi rami kusa da na gaske, uwa ta kwanta a kai, bugun zuciyarta ya fito a allon kwamfuta cikin bukka. Da wannan ta nuna wa hukuma cewa tsuntsun da ya tsaya cak yana kallon baƙo, ba natsuwa ce ta tsayar da shi ba. Da shi kuma ta kafa doka: duk wanda zuwansa ke tayar da hankalin mai kwanci, ya bar tsibirin. Dokar ta kori mai ɗaukar hoto ɗaya da ɗalibai biyu. An san ta da tsanani. An kuma san ta taɓa ƙin cin abinci kwana biyu don wata tsuntsuwa ta gudu ta bar ƙwan robarta.

Bana ƙwai ashirin ta dasa. Sha tara suka yi abin da littafi ya ce. Na bakwai kuwa ya ƙi.

Zuciyar sauran takan haura ɗari a minti ko suna hutawa, ta bakwai saba'in take yi. Sauran sukan tashi miji ya karɓi kwanci, ita ba ta taɓa ba kowa ba. Kwale-kwalen masu yawon buɗe ido zai wuce da kiɗa, ko a jikinta. Amma kullum ƙarfe goma na safe, sai bugun ya yi tsalle zuwa ɗari da goma.

Ximena ta san abin da ke faruwa ƙarfe goma. Lokacin ne take ɗaukar tulun shayi ta kai gindin gangaren arewa, inda rami na bakwai yake. Gwiwarta ta daina hawan gangaren, don haka ramukan can suna hannun Remigio Tapia, wanda take kira don Remigio, kamar a ce Malam Remigio, tsohon mai nutso da ke aiki da ita tun ranar da ta zo. A nan suke haɗuwa. Ta miƙa masa kofi, ya karɓa yana kallon takalminsa.

"Yaya ta bakwai, don Remigio?"

"Tana nan, Dakta."

Iyakar rahotonsa ke nan, kullum. Mutum ne da ba ya ɓarnar magana, ba ya kuma cire rigar sanyinsa mai aljihu a ƙirji, ko rana na narka dutse.

Ta sauya kalar riga. Ta daina shafa turare. Ta koma tafiya da sanɗa kamar mai satar kaji. Ƙarfe goma, ɗari da goma.

Sai teku ta rufe.

Kwana huɗu iska na jifa da tsakuwa, ba mai leƙa waje, ita da Remigio suna kulle a bukka ɗaya. Bukkar taku shida ce a tsaye, huɗu a kwance: gadaje biyu, tebur, busasshen burodi. In ɗaya zai wuce sai ɗaya ya matsa. Ta kira don Eladio mai kwale-kwale ta rediyo.

"Dakta, ko jirgin Annabi Nuhu ba ya fitowa yau," in ji shi. "Me ya dame ki? Ga kifin gwangwani, ga Remigio. Ba mai magana a cikinsu, amma ba sa lalacewa."

Ba ta yi dariya ba, allo take kallo. Kwana huɗu ba ta kusanci gangare ba, amma zuciyar ta bakwai ta ƙi sauka, ɗari da goma tun safe har yamma. Bayani ɗaya ta samu: tsoron ya zauna a jikin tsuntsuwar, har ba sai ta gan ta ba.

Ta sake karanta dokarta, ko za ta sami ƙofa. Dokar ba ta ce tsuntsaye nawa ba. Ba ta kuma ce ban da wadda ta rubuta ta ba. Ximena ta iya rubuta doka, wannan kam ba a ƙwace mata.

Rana ta biyar da hantsi iska ta lafa. Don Eladio ya ce yana tafe da azahar. Ta zauna ta rubuta wasiƙar ajiye aiki, layi shida, ba kuskure ko ɗaya.

"Don Remigio, zan bi Eladio yau. Ba zan dawo ba."

Ya tsaya da buta a hannu. A allo, ta bakwai ta kai ɗari da talatin.

"Ka gani?" Ta nuna masa. "Daga nan ma muryata ta ishe ta."

"Dakta, wannan tsuntsuwar..." Ya ajiye butar. "Ba tsoro take ji ba."

"Kai mai nutso ne ko likitan zuciya?"

"Mai nutso."

"To, riƙe. Ka karanta, in akwai gyara ka faɗa."

Ta miƙa masa wasiƙar, yatsunta suka taɓa nasa. Ɗari da arba'in. Takardar ta suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ƙwan roba mai lamba bakwai ya faɗo daga aljihun ƙirjinsa ya gangara ƙarƙashin tebur, layin da ke allo ya miƙe ɗoɗar.