Tsohon Jirgin Alhamis

Da ƙarfe biyu da kwata na ranar Alhamis, jirgin ya ɓace daga fuskar wayar Yahuza.

Yana kwance ƙarƙashin wata tirela a garejinsu na Dei-Dei, sifana a hannun dama, waya a hagu. Tun safe yake bin ɗan hoton jirgin nan, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa, yana rarrafe a kan taswira. Ya ga fitarsa daga Abuja. Ya ga ya ratsa ƙasashen da bai iya karanta sunayensu ba, ya hau kan ruwa. Yanzu ba komai sai shuɗi.

"Oga Injiniya," in ji Zacharias abokin aikinsa, yana leƙowa ta gefen taya, "jirgin naka ya kai ina? Mai motan nan yana jira fa."

"Yana kan teku."

"To bar shi a kan teku, ka ɗaure mana noti."

Zacharias ya duƙa. Sai ya ajiye masa ledar ruwa kusa da kansa, ya koma.

Sunan Injiniya ba a makaranta Yahuza ya samo shi ba, domin a aji uku na sakandare suka yi sallama da ita. Ya same shi ne a makon da likita a Garki ya ce zuciyar mahaifiyarsa sai an kai ta Indiya an yi mata aiki, kuma ya ce kada a yi wasa da lokaci. Dangi suka haɗa hannu, aka samu tikiti mai sauƙi a wani ƙaramin kamfani da ke tashi kowace Alhamis. Kujera ta 31A, jikin taga. Inna ce ta zaɓa. Shekara talatin tana tuyar masa a Karu, ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin Jabi ba, ta ce tana so ta gani da idonta ko da gaske akwai ruwan da ba shi da ƙarshe.

Shi kuwa gwanin, sai ya ɗauki waya ya shiga bincike. Shekarar jirgin ashirin da uku. Kamfani na uku ke nan da ya mallake shi, kowanne da kalar da ya shafa masa.

Nan hankalinsa ya tashi, domin wannan sana'arsa ce. Sau nawa ya fesa wa gajiyayyar mota sabon fenti, ya mayar da mita baya, ta fita kasuwa tana sheƙi kamar jiya ta baro Kwatano? Wanda ya san yadda ake yi wa tsohon ƙarfe kwalliya ba a ruɗinsa da kala.

Maƙwabcinsu Baba Bartholomew, wanda ya yi ritaya daga aikin gyaran jirage, ya zaunar da shi a kan benci ya yi masa bayani a hankali. Ya ce jirgi ba tirela ba ne. Ya ce kowane ƙarfe a jikinsa da awanninsa a rubuce, in sun cika a cire shi ko da lafiyarsa lau. Ana kwance jirgin a duba har ƙashinsa. Abin tambaya wa ke kula da shi, ba yaushe aka ƙera shi ba.

"Baba," in ji Yahuza, "ni ma haka nake gaya wa mai sayen mota."

Inna tana jin su daga kan tabarma, numfashinta guntu-guntu, ta yi dariya har sai da tari ya tsayar da ita. "Ashirin da uku? Ai yaro ne. Ni na ninka shi da ƙari, kuma ga ni ana shirin yi mini sabis."

Kowa ya yi dariya ban da Injiniya. Shi ya riga ya kalli bidiyon haɗari goma sha huɗu, ya koyi kalmomin Turanci biyar, ya zama malami.

Ƙarfe uku. Uku da rabi. Taswirar tana nan shuɗiya. Notin da Zacharias ya ce a ɗaure, Yahuza ya ɗaure shi ya kwance ya sake ɗaurewa. Ya rufe ido yana ganin cikin jirgin: mutum wajen ɗari uku, wasu na barci, wasu na jan carbi, da hasken teku yana shigowa ta tagar layi na talatin da ɗaya.

Aka kira la'asar. Ya wanke baƙin mai, ya bi sahu a ƙarƙashin rumfar kwano. Da aka sallame ya ɗaga hannu, leɓɓansa na motsi, amma ko rantsar da shi aka yi ba zai iya faɗin abin da yake roƙo ba. Ya shafa da sauri, kamar wanda aka kama da abu a aljihu.

Ya duba wayar. Ƙwayar shinkafar ta dawo, ta riga ta kusa gaɓa. Ya tsaya a bakin rumfar, takalmi ɗaya a ƙafa, yana kallon mintunan da suka rage wa jirgin suna raguwa, har rubutu ya fito da koren launi: ya sauka, da minti shida kafin lokaci.

"Ya sauka?" Zacharias ya tambaya, ba tare da ya ɗago daga injin ba.

"Lafiya lau."

Alhamis ta goma sha tara ke nan tsohon jirgin yana sauka lafiya lau, tun daga wadda Yahuza ya soke tikitin Inna ya canza mata kamfani mai sabon jirgi, wanda ba shi da kujera sai bayan kwana goma sha shida, ita kuwa a kwana na goma sha ɗaya aka kai ta makwancinta a Karu.