Tayoyin Tirelar Sabirbek

Da Sabirbek ya shafa jikin tirelar, wani farin gari ne ya biyo tafin hannunsa kamar alli. Rana ta cinye ta sarai. Ɗan ɗaki ce mai taya biyu, jikinta na roba mai tauri, wadda shi da marigayiya matarsa Gulbara suke ja da mota kowace bazara zuwa makiyayar kan dutse. Tun rasuwarta take yashe a bayan gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

"Baba, ka dawo mata da ƙyallinta mana," in ji Ulan, autansa. "Bana sai ka sake kwana a cikinta, na yi maka alkawari."

Wayyo, daɗi kamar ya kashe tsohon! Ai shi ya sa auta ke zama a gidan uba, don ya san abin da ke ran uban tun bai furta ba. Ba abin da Sabirbek ke so irin ya sake ganin makiyayar nan kafin ƙafa ta gaza.

Ya wanke ta da sabulu, ya bi ta da samfefa mai laushi yana yayyafa ruwa, a hankali don kada ya ci fatar sama. Sannan man gogewa, sannan kaki. Kafaɗarsa har ƙara take, amma ko a jikinsa.

Ulan ma bai zauna ba. Ya cire tayoyin ya ɗora ta kan bulo, wai sun tsufa, za a duba su. Ya jawo wayar wuta daga cikin gida saboda injin gogewa. Ya kafa mata murhun ƙarfe da bututun hayaƙi, don kan dutse akwai sanyi. Matarsa Aizada kuwa tana ta fentin ɗakuna da dashen furanni, saboda baƙi masu zuwa hutu bakin tafkin Isik-Kul, masu kama hayar ɗaki, sun kusa.

"Tsoho, amarya za ka saka a ciki ne?" in ji maƙwabcinsa Toktosun ta kan shinge.

"Hassada za ta kashe ka! Zan taho maka da nonon goɗiya daga kan dutse."

Toktosun ya kau da kai, ya koma ga tumakinsa.

Ranar da Sabirbek ya gama, har gemunsa yake gani a jikinta. Ya buɗe ƙofa, sai ya tarar an riga an shirya masa kaya: shimfiɗarsa, hoton Gulbara, dardumar salla. Har da rigar fatar tunkiya da takalman ƙanƙara. Kai, wannan yarinya Aizada da zumuɗi! Wa ke tafiyar bazara da kayan hunturu?

Ulan ya zagaya tirelar yana gyaɗa kai. "Yauwa, Baba. Yanzu ko baƙi sun leƙo ta taga ba za mu ji kunya ba."

"Tagar wa?"

Ulan ya sunkuyar da kai.

"To, tayoyin fa? Gobe nake so mu kama hanya."

Ƙahon motar baƙi ya yi ƙara a waje, Ulan ya ruga buɗe ƙofa. Sabirbek ya bi bayansa yana goge kaki a wando, ya wuce ɗakinsa, inda ya hangi sababbin gadaje biyu a madadin nasa. A bakin ƙofar gida ya ga tayoyin tirelarsa, an yanka su, an shafe su da farin fenti, furannin Aizada har sun yi toho a ciki.