Wushiryar Lantana

Doka ta ce duk fim ɗin da aka sabunta, a ƙona tsohon. Malam Sallau ya ɓoye faifansa, domin a ciki marigayiya matarsa Lantana ta fito, tana sayar da fura tana dariya.

Ƙaninsa Tanimu, ma'aikacin kamfanin sabuntawa, ya karɓi faifan, ya rantse za a bar ta yadda take.

Ranar Asabar suka je kallon sabon. Ga Lantana da ƙwaryarta. Ta yi dariya, haƙoranta a jere, babu wushirya.

"Tanimu, wannan wace ce?"

"Yaya, gyara ta aka yi. Ai ta fi kyau."

"Ba ni faifaina."

Tanimu bai juyo ba. "An ƙona tun ranar Talata."