Baƙin Tabaran Alƙasum

Alƙasum bai gama sallama ba, mai sayar da ƙwaya ya kife faifansa ya tsallake katanga. A gidan giyar bayan kasuwar dabbobi ma, yana leƙawa matar da ke sayarwa ta rantse koko take damawa.

Tun dawowarsa Tawa daga Abijan yake fama ya daina sha. Yau da abin ya ci ƙarfinsa, ya rasa mai sayar masa.

Ya koma gida jiki na rawa, ya tarar da kakarsa Habi tana tankaɗen jar dawar taimako.

"Kaka, mi na yi wa mutane? Kowa guduna yake."

"Zamna ka sha kunu, zai wuce."

Ya cire baƙin tabaran da ta saya masa don jan idonsa, ya zauna. Sai maƙwabciya ta yi raɗa ta bayan danga, ba ta san yana nan ba.

"Habi, da gaske jikanki leƙen asiri yake wa soja?"

"Ke kaɗai na faɗa wa, Zalika. Ke da matan bakin rijiya."

Tsohuwa ta miƙa masa ƙwarya.

"Kai kuma, mai da tabaranka."