Waƙar da Bashar Ya Sata

Shamsiyya ta ɗaga murya tana rera sabuwar waƙarta a bakin tagar aji, alhali ta san Bashar na laɓe da wayarsa.

"Ke, shina ɗauka fa," in ji ƙawarta Zahra'u. "Kin mance bara?"

Ina za ta mance? Bara ta yi watsi da karatu tana tsara waƙa, ta faɗi lissafi, ta sha bulalar babanta. Bashar ya sace waƙar, ya rera a bikin makaranta, ya amshe kyauta.

"Ƙyale shi," ta ce, ta sake maimaita amshin.

Ranar biki Bashar ya riƙe lasifika, ya rantse shi ya tsara waƙar domin babban baƙo, Alhaji Abdulmumini. Baitocin yabo ne zalla. Amma daga jin amshi dattawan garin Kaya suka sunkuyar da kai. Alhaji ya miƙe.

"Ɗan wa ne wanga? A kira min ubanai."

Bashar ɗan Mafara ne, karatu ya kawo shi Kaya. Bai san da wannan karin aka yi wa Alhaji zambo ba, ranar da ya tsere daga filin dambe yana saurayi. Shamsiyya wurin kakarta ta koya.

Shugaban makaranta ya damƙo wuyan rigar Bashar.

"Wallahi Malam, waƙar Shamsiyya ce."

"Tawa, Malam?" ta ce a ladabce. "Kowa ya ji rantsuwarsa."