Kwamfutar da Aka Ɗaure da Sarƙa

Mai Hoto bai yarda da kowa ba a kan kwamfutar shagonsa. Duk hotunan mutane a cikinta suke, na aure, na jarirai, na gama makaranta. Shi ya sa ya ɗaure ta da sarƙa a ƙafar tebur, ya datse da kwaɗo, ya rataya mabuɗin a wuyansa.

'Yar ƙanwarsa ta gama koyon aikin kare kwamfuta daga ɓarayin intanet, sai ta zo neman aiki.

"Kawu, ɓarayin yanzu ba ta ƙofa suke shigowa ba. Ka ɗauke ni in riƙa kula maka da ita, in kuma ajiye kwafin hotunan a wani wuri daban."

Ya kalle ta sama da ƙasa, ya fashe da dariya. "Ke? Ke da kyankyaso ke sa ki hau kujera? In ɓarawo ya zo, da wayar caja za ki zane shi?"

Maimakon ita, sai ya ɗauki Dogo, wani ƙato mai gora, ya zaunar da shi a bakin ƙofa. Yarinyar ta zaga shaguna da ofisoshin garin, kowa ya ce yana da maigadi. Ƙarshe wani kamfani a ƙasar waje ya ɗauke ta, ta tafi.

Wata rana saƙo ya shigo kwamfutar, wai Mai Hoto ya ci kyautar sabuwar kyamara, ya danna nan. Ya danna, ya sake dannawa don kada wani ya riga shi. Kafin ya gama murna, hotunan duk sun ƙi buɗuwa.

"Dogo! Wa ya shigo shagon nan?"

"Wallahi maigida, ko ƙuda bai gifta ba. Ga sarƙa, ga kwaɗo."

"To ina hotunan?"

Dogo ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ɗago. "Ko in ɗan maka mata gorar ne?"

Suna cikin haka sai ga wata uwar amarya ta zo karɓar hotunan bikin 'yarta, waɗanda ya daɗe yana mata yau da gobe a kansu. Ya kira 'yar ƙanwarsa a waya.

"'Yar albarka, ki taimaki kawunki, hotunan duk sun ƙi buɗuwa."

"Kawu, ka ajiye kwafi?"

"Na dai sa kwaɗo."

"To sai haƙuri, sun tafi ke nan."

Mai Hoto ya juyo yana yaƙe. "Mama, me zai hana amarya da ango su sake sa kayan bikin, in sake ɗauka?"

"Amaryar da ke watan haihuwa? Ango kuwa tumbinsa ya fi nata. Rigar wa za ta shiga wa?"

Kafin mako ya zagayo, labari ya gama gari. Waɗanda hotunansu suka salwanta suka yi ta zuwa suna zagi, masu son ɗaukar sabon hoto kuma suka daina zuwa. Da aka rufe shagon, abin da Mai Hoto ya fita da shi lafiya lau shi ne sarƙar.

Jama'a, gora ba ta korar ɓarawon da ba a gani. Mu koya wa yaranmu aikin tsaron kwamfuta, mu kuma ba su aiki a gida, tun kafin wasu su ɗauke mana su.